Turancin Wa Muke Koya Wa 'Ya'yanmu?

Duk wanda ya taɓa riƙe alli a ajin ƙarshe na sakandare ya san yadda watannin gab da jarrabawar WAEC suke. Malamin Turanci ya cika allo da alamomin furuci, yara sun duƙufa suna kwafa, suna haddace cewa wasalin da ke cikin "cat" daban yake da na "cut", na "heart" kuma ba shi ne na "hurt" ba. Da wuya ɗayansu ya taɓa jin wanda ke bambanta waɗannan sautuka a unguwarsu ko a kasuwa. Ranar jarrabawa yaro zai zauna gaban tambayoyi 60 a kan furuci, ya yi ta shafa fensir a kan amsar da ya zaɓa, ya tashi bai buɗe baki ya faɗi ko kalma ɗaya ba, ba a kuma kunna masa muryar kowa ya saurara ba.

Shekara ɗaya ko biyu bayan haka, neman abinci da neman ilimi sun rarraba waɗannan yara. Wani ya samu tallafin karatu ya tafi Indiya ko Uganda ko Malesiya. Wani ya bi ubangidansa sarin kaya a Gwanzu ko Dubai. Wata ta zama ma'aikaciyar jinya tana aiki da likita ɗan Masar ko ɗan Pakistan. Wani hidimar ƙasa ta kai shi Ebonyi ko Akwa Ibom. Dukkansu da Turanci za su yi mu'amala, amma ƙalilan ne za su taɓa zama da mai irin lafazin da suka haddace. Malamin jami'a ɗan Indiya zai yi musu lacca su kasa kama rabinta a makonnin farko. Mai masauki zai ce kuɗin haya "one lakh" ne, ba su san 100,000 yake nufi ba. Mun kwashe shekara shida muna shirya su su yi zance da mutumin da ba za su gamu da shi ba, mun bar su babu guzuri a gaban waɗanda za su yi rayuwa da su.

Abin da nake kira a kai shi ne, a ci gaba da koyar da daidaitaccen Turanci na rubutu da ƙarfi fiye da yadda ake yi yanzu, amma a buɗe wa ɗalibi kunne da ido ya san cewa Turanci kare-kare ne, kowace ƙasa da irin nata, kuma namu na Nijeriya ɗaya ne daga cikinsu.

Yadda muka gaji wannan ma'auni

Ba a banza iyayenmu suka ɗauki lafazin Ingila a matsayin ma'auni ba. Lokacin da Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa a 1909, da lokacin da aka buɗe Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920, ɗalibai kaɗan ne, masu koya musu Turanci kuma akasari Turawa ne daga Ingila. Yaro yana jin lafazin safe da yamma daga bakin mai shi, kuma aikin da ake shirya shi ya yi a ƙarƙashin Razdan ne ko Di'o. Daga wannan kwaleji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito, wanda har yau ake misali da daɗin muryarsa da tsarkin Turancinsa. A wancan zamani, kwaikwayon Baturen Ingila dabara ce mai riba.

Sai dai kiɗa ya sauya. Tun daga shirin ilimin firamare kyauta na 1976 makarantu suka cika suka batse. Yau aji mai ɗalibai 80 ko 100 ba abin mamaki ba ne a makarantun gwamnati. Malamin da ke gabansu ɗan ƙasa ne, wanda ya koya daga ɗan ƙasa, wanda shi ma ya koya daga ɗan ƙasa. Ana neman ya koyar da lafazin da shi kansa a littafi kawai ya gan shi.

Abin lura kuma, lafazin nan da muke kira Turancin Sarauniya ko a Birtaniya ba na kowa ba ne. Daniel Jones ya tattara shi a ƙamusunsa na furuci a 1917, daga bakin masu hali na kudancin Ingila waɗanda suka yi makarantun kwana masu tsada. Masanin harshe Peter Trudgill ya ƙiyasta a shekarun 1970 cewa kimanin kashi 3 cikin 100 na mutanen Birtaniya ne ke magana da shi. Mutumin Liverpool da na Glasgow da na Newcastle kowa kukan gidansu yake yi, kuma gidan rediyon BBC da kansa ya daɗe da buɗe ƙofa ga masu karanta labarai da lafuzza iri-iri.

Harshe ya fi ƙarfin gidan da ya haife shi

A 1985 wani masani ɗan asalin Kashmir, Braj Kachru, wanda ya yi shekaru yana koyarwa a Jami'ar Illinois ta Amurka, ya kasa masu Turanci gida uku. Gida na farko su ne 'yan gado, irin su Birtaniya da Amurka da Ostareliya. Na biyu su ne ƙasashen da mulkin mallaka ya bar musu harshen har ya zama na kotu da majalisa da jarida, kamar Nijeriya da Gana da Kenya da Indiya da Singafo. Na uku su ne masu koyon sa don hulɗa da waje, kamar Sin da Japan da Saudiyya. Hujjarsa ita ce, 'yan gida na biyu sun daɗe da wuce matsayin masu aro. Sun sarrafa harshen ya ɗauki ƙamshin ƙasarsu, yana da ƙa'idojinsa da za a iya bayyanawa. David Crystal kuma ya ƙiyasta cewa masu amfani da Turanci waɗanda ba harshen uwarsu ba ne sun ninka 'yan gado kusan sau uku. Ke nan yawancin zancen da ake yi da Turanci a duniya yau, tsakanin ɗan koyo ne da ɗan koyo.

Su kansu 'yan gadon da haka suka fara. Turawan Ingila sun daɗe suna raina Turancin Amurka, har Noah Webster ya fitar da ƙamusunsa a 1828 ya tsayar wa ƙasarsa da nata salon rubutu, shi ya sa har gobe Ba'amurke ke rubuta "color" Baturen Ingila na rubuta "colour". Ostareliya ba ta samu cikakken ƙamus na kanta da aka yarda da shi ba sai da na Macquarie ya fito a 1981. Abin da ake wa kallon gurɓata jiya ya zama ma'auni yau, saboda masu shi sun rubuta shi, sun koyar da shi, sun daina jin kunyarsa.

Mu ma an fara. A watan Janairun 2020 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Nijeriya, ciki har da "okada" da "danfo" da "buka" da "next tomorrow" da kuma "Kannywood". A farkon 2025 aka sanar da ƙarin wasu, har da "japa" da "suya". Suyar da Bahaushe ke yi a bakin titi ta shiga ƙamusun da Turawa ke alfahari da shi, amma yaron da babansa ke yin ta yana fargabar rubuta sunanta a insha'in makaranta, don kada jan biro ya hau kanta.

Masananmu ba su jira Oxford ba. Tun 1971 Ayo Banjo ya kasa Turancin Nijeriya kashi huɗu, ya nuna cewa akwai wanda masu ilimi ke yi, wanda ake fahimta a waje kuma ake karɓa a gida, ya ce shi ya kamata ya zama ma'auninmu. Munzali Jibril ya yi digirinsa na uku a Lankasta a 1982 a kan bambance-bambancen furuci a Turancin Nijeriya, inda ya fayyace yadda na Bahaushe ya sha bamban da na Bayarabe da na Ibo. David Jowitt, Baturen da ya yi shekaru yana koyarwa a jami'o'in Kano da Jos, ya wallafa littafi a 1991 a kan yadda 'yan Nijeriya ke sarrafa harshen. Wannan ilimi yana nan jibge a ɗakunan karatu na jami'o'i, bai sauko ajin sakandare ba.

Tsoron iyaye yana da tushe

Na san abin da iyaye da malamai za su ce, domin na sha ji: "Malam, yaran nan ko ɗaya ba su iya ba, za ka ƙara musu goma?" Wani kuma ya ce: "Mu dai yaro ya ci kiredit ya wuce jami'a." Ba magana ce ta jahilci ba. Ba a shiga jami'a a ƙasar nan sai da kiredit a Turanci, kuma Turanci dole ne ga duk mai rubuta JAMB, ko likita zai zama ko injiniya. Ɗan mai kuɗi yana da makaranta mai tsada da littattafai da intanet. Ɗan talaka ba shi da wata ƙofa zuwa daidaitaccen Turanci sai wannan aji. Wanda ya rage masa shi da sunan 'yanci ya cuce shi.

Wannan muhawara ta daɗe. A 1990 Randolph Quirk, ɗaya daga cikin manyan masana nahawun Turanci, ya rubuta maƙala a mujallar English Today yana gargaɗin cewa koyar da kare-karen da ba a daidaita ba zai tauye ɗalibai a kasuwar aiki. Kachru ya mayar masa da martani a shekarar da ta biyo, yana cewa Quirk ya kau da kai daga yadda al'ummomi masu harsuna da yawa suke rayuwa. Gwamnatin Singafo ta bi hanyar masu tsoro: a 2000 ta ƙaddamar da gangamin kyautata Turanci don rage tasirin wanda 'yan ƙasar ke yi a titi. Bayan fiye da shekara ashirin, na titin bai mutu ba, kuma 'yan Singafo masu ilimi suna riƙe da duka biyun, sun san inda kowanne yake shiga.

A nan amsar take, kuma Bahaushe ya fi kowa saninta. Daidaitacciyar Hausa da muke rubutu da ita a kan Kananci aka gina ta. Amma Basakkwace yana cewa "shina zuwa" a inda Bakano ke cewa "yana zuwa", yana cewa "mi" a madadin "me", yana kiran 'yarsa "ɗiya". Katsinanci da Zazzaganci da Gudduranci da Hausar Damagaram da ta zangon Kumasi duk suna nan da ransu. Malamin Hausa nagari a Sakkwato yana koya wa yaro ƙa'idar rubutu ba tare da ya ce masa Hausar kakarsa kuskure ce ba. A manhajar Hausa akwai darasin karin harshe, kuma ba a taɓa jin ya hana wani iya rubuta daidaitacciyar Hausa ba. Hasali ma, wanda ya san kare-kare ya fi gane iyakar kowanne. Haka ɗalibin Larabci da ya sha nahawu a zaure yake isa Alƙahira ko Khartum ya tarar da Larabcin kasuwa daban da na littafi. Wanda aka faɗa masa tun a gida ba ya ruɗewa. Me ya sa sai a Turanci muke ɓoye wa yara wannan gaskiya?

Tsakanin kari da kuskure

Babban aikin malami shi ne ya nuna wa ɗalibi bambancin abu uku: daidaitaccen rubutu da duniya ta yi tarayya a kai, karin wuri da masu ilimi na wata ƙasa suka amince da shi, da kuskuren ɗan koyo. Na farko kusan iri ɗaya ne daga Legas zuwa Delhi zuwa Landan. Jaridun waɗannan birane ba su bambanta a nahawu ba sai kaɗan. Na ukun kuma, kamar a ce "she have" ko "he go yesterday" a takardar neman aiki, kuskure ne a ko'ina, gyara shi wajibi ne. Rikicin yana kan na tsakiya.

Idan wani ya yi tuntuɓe, ɗan Nijeriya zai ce masa "sorry" ko da ba shi ya ture shi ba, domin "sannu" yake nufi. Idan ya wuce manomi a gona ya ce "well done", "sannu da aiki" ce ta sa rigar Turanci. Idan zai fita ya dawo ya ce "I'm coming", "ina zuwa" ce. Waɗannan ba jahilci ya haife su ba. Al'adar da ta ɗauki gaisuwa da muhimmanci ce ta nemi gurbi a harshen da bai tanadar mata ba. Abin da ɗalibi ke buƙata shi ne a ce masa: wannan namu ne, daidai ne a nan, amma baƙo zai iya ɗaukar sa da wata ma'ana. A kuma nuna masa na wasu: ɗan Afirka ta Kudu yana kiran danjar titi "robot", ɗan Indiya yana cewa "prepone" idan ya matso da ranar taro kusa, hawan farko na bene a wurin Ba'amurke shi ne ƙasa a wurin Baturen Ingila, kwanan wata da aka rubuta 3/4 a Amurka 4 ga Maris ne, a wurinmu 3 ga Afrilu. Ɗan kasuwar da bai san wannan na ƙarshen ba yana iya asarar jirgi ko kaya.

Ayo Bamgbose ya ba da ma'aunai masu amfani a wata maƙala ta 1998: a duba yawan masu amfani da kalma, da faɗin yankin da ta yaɗu, da irin mutanen da ke faɗin ta, da ko ta shiga ƙamus ko littafin nahawu, da kuma karɓuwarta a wurin jama'a. Ɗan aji biyar na sakandare zai iya gwada waɗannan ma'aunai a kan kalmomin da yake ji kullum, kuma darasin zai fi zama a kansa fiye da haddar jerin kura-kurai.

Buroka kuwa a ajiye ta a matsayinta. Harshe ce mai cin gashin kanta, mai nata nahawu, wadda miliyoyi ke magana da ita, har BBC ta buɗe mata sashe a 2017. Yaron da ya san inda iyakarta take da Turanci ya fi sauƙin kiyaye ta daga shiga insha'insa.

Furucin da ke hana fahimta, da wanda ba ya hanawa

A 2000 Jennifer Jenkins ta wallafa bincikenta a kan hirarrakin 'yan koyo daga ƙasashe daban-daban, tana neman sanin sautukan da idan aka sauya su zance ke lalacewa. Ta gano cewa sautin "th" ba ya cikinsu. Ko mutum ya mayar da shi "s" da "z" kamar Bahaushe, ko "t" da "d" kamar mutanen kudu, akasari ana gane shi. Amma sauran baƙaƙe suna da muhimmanci, haka ma bambancin dogon wasali da gajere, da sanin kalmar da za a ƙarfafa a cikin jimla. Ta kuma lura cewa saka wasali tsakanin baƙaƙe biyu ya fi sauƙin illa a kan yar da ɗaya daga cikinsu.

Ga ajinmu na Arewa wannan taswira ce. Matsalar da ta cancanci lokaci ita ce ta "p" da "f", domin "pan" da "fan", ko "pull" da "full", ba abu ɗaya ba ne. Sai ta "b" da "v". A nan malami ya dage har bakin yaro ya saba. Dogon wasali da gajere kuwa gadon Bahaushe ne: wanda ya san bambancin "gari" na mutane da "gari" na tuwo ba zai sha wahalar raba "ship" da "sheep" ba idan aka nuna masa ta wannan hanya. Da za a kashe sa'o'in da ake ɓatawa wajen haddar alamomi a kan waɗannan 'yan wurare, da yaranmu sun fita da lafazin da ake ganewa a ko'ina ba tare da sun shaƙe muryarsu ba.

Abin da za a iya farawa da shi

Ba sabon darasi nake nema a cusa a jadawalin da ya riga ya cika ba. Minti goma a mako sun isa a fara. Malami ya sauke gajerun labarai a wayarsa daga gidajen rediyon Gana da Kenya da Indiya da Amurka da Ingila, ya haɗa da ƙaramar lasifika mai caji, ya kunna wa aji, ya tambayi abin da suka fahimta da inda kunnensu ya yi tuntuɓe. Jarrabawar IELTS da yaranmu ke biyan kuɗi masu yawa su rubuta don fita waje ita ma lafuzza daban-daban take kunnawa, kuma tana karɓar rubutun Amurka da na Birtaniya. A manhajar Cambridge ta manyan azuzuwan sakandare akwai sashe guda a kan matsayin Turanci a duniya. Waɗanda muke kwaikwayo sun riga mu yarda.

Littattafan adabi ma suna hannunmu. Tun 1965 Chinua Achebe ya kare ra'ayin cewa marubucin Afirka zai iya tanƙwara Turanci ya ɗauki kayan al'adarsa. Zaynab Alkali ta yi haka da rayuwar matan Arewa a littafinta na 1984, Abubakar Adam Ibrahim ya yi haka da rayuwar Hausawa a littafinsa da ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016. A sa ɗalibai su tono wuraren da harshen gida ke numfashi a ƙarƙashin Turancin waɗannan marubuta, sannan su sake rubuta sakin layi ɗaya da salon rahoton ofis. Daga nan suke koyon cewa kowane wuri da irin rigar da ake sa masa.

Amma malami ba zai motsa ba muddin jarrabawa ba ta motsa ba, domin abin da ake tambaya shi ake koyarwa. Ya kamata hukumomin WAEC da NECO su zauna da masana harshe na jami'o'inmu su fitar da jerin kalmomi da maganganun Turancin Nijeriya da mai duba takarda ba zai rage maki a kansu ba, su kuma mayar da gwajin furuci ya zama na sauraro na gaske, da muryoyi daga ƙasashe daban-daban. Kwalejojin ilimi su shigar da wannan fanni cikin horon malaman Turanci, don malami ya daina jin cewa shi gurbin wani Bature ne da bai samu zuwa ba. Malamin da ya koyi Turanci bayan Hausa ko Fulfulde ko Kanuri ya bi hanyar da ɗalibinsa ke kai, ya san ramukanta ɗaya bayan ɗaya. Wannan daraja ce, ya kamata a sanar da shi.

Abin da ya fi ci mini rai a duk wannan al'amari shi ne shirun yaranmu. A kusan kowane aji akwai yarinya ko yaro mai kaifin basira da ya daina ɗaga hannu tun ranar da ya ce "fiful" aka fashe da dariya. A makarantu da yawa an ci shi tara don ya yi Hausa, an kuma yi masa ba'a don ya yi Turanci, sai ya zaɓi ya kame bakinsa, alhali harshe ba ya nuna sai da yawan faɗa. Irin wannan yaro yana buƙatar malamin da zai gyara masa "p" ɗinsa cikin haƙuri, ya tsananta masa a kan nahawun rubutu, sannan ya kunna masa muryar farfesa ɗan Indiya da ta ministar Kenya da ta injiniya ɗan Gana, kowa yana bayani a gaban duniya da lafazin garinsu ana tafa masa. Ranar da ya ji haka da kunnensa, zai gane cewa a wannan babban taro akwai tabarmar da aka shimfiɗa wa ɗan Kano da ɗan Gusau da 'yar Azare, kuma gobe idan malam ya yi tambaya, hannunsa zai tashi.